Talabijin da Ba Shi da Wurin Mari

Pyo Gapsu ba ya karanta takardar bayani. Wannan ba sirri ba ne, da bakinsa yake faɗa, yana buga ƙirji. Duk na'urar da ta zo da ɗan littafinta a cikin kwali, littafin yake fara zarowa, ba don ya duba ba, sai don ya samu abin ɗora tukunyar taliya mai zafi. A gidansa akwai littafin firji da gindin tukunya ya ƙona wa bango, akwai na injin wanki da ya tokare ƙafar tebur da shi shekara goma sha tara. In na yi masa magana sai ya ce, "Wanda ya rubuta wannan yana can Seoul. Ya taɓa ganin talabijin ɗinki? Ni na gan shi."

Ƙanin mijina ne. Na shigo gidansu a ƙauyenmu Bamgol yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma ranar da na fara ganinsa yana bayan rumbu ya kwance rediyon mahaifinsu ɗaiɗai, ya kasa mayarwa. Yanzu shekarunsa saba'in da takwas. Mijina ya mutu, matarsa ta mutu, mu biyu muka rage muna yi wa juna tsiya ta kan katanga.

A soja ya koyi gyaran rediyo. Da ya fito ya buɗe shago a garin da muke cin kasuwa, ya yi shekara talatin da shida a ciki. Babu rufin gida a kwarin nan da bai hau ya kafa eriya ba. Amma abin da ya yi suna da shi mari ne. Talabijin na wancan zamani akwati ne mai ƙiba, mai ƙeya, wani ma har da ƙafafu huɗu da ƙofa. In hoto ya fara birgima sai a aika a kira Gapsu. Zai zo a kan babur, ya tuɓe takalmi, ya zagaya akwatin sau ɗaya kamar mai tayin saniya, ya kara kunne, sannan ya kwaɗa masa mari a gefen hagu. Hoto ya tsaya cak. Mutane sun sha gwadawa a bayan idonsa, bai taɓa yi musu ba. In za a faɗi gaskiya, ya iya aikinsa ciki da waje, in mari bai yi ba zai buɗe ƙeya ya narka dalma ya gyara. Amma marin mutane suke tunawa, shi ma marin yake so a tuna.

Da siraran talabijin suka shigo, mutane suka daina kawo gyara. In ya lalace a jefar a sayi wani. Ya rufe shago ya dawo ƙauye gaba ɗaya, yana gyara mana fanka da tukunyar shinkafa ta lantarki da injin ɗumama ƙasan ɗaki. Mu goma sha ɗaya ne muka rage da ke zuwa zauren gari kullum cin abincin rana, kuma ƙaraminmu shekararsa saba'in da ɗaya.

'Yarsa Okju tana birnin Incheon, a hawa na goma sha bakwai. Tun hunturun da ya zame a kan ƙanƙara ya kwanta sati uku ta gyara masa ɗaki, ta saya masa gado, ta dasa masa magana ɗaya: ya tattara ya koma wurinta. Shi kuma amsarsa ɗaya ce. In ya tafi, wa zai yi wa Bamgol gyara? Ya taɓa kwana huɗu a gidan nata. Ya ce mini ya wuni a tsaye a bakin taga yana kallon kan motoci, kuma duk gidan babu abin da ya lalace, ya duba.

A sabuwar shekarar da ta wuce suka zo ita da mijinta Bang, muka ci miyar wainar shinkafa a gidana. Bayan an gama gaisuwa ta zaro tsohuwar kwamfutarta ta hannu daga jaka. Ta ce ta kai kaset ɗin nan da babanta ya ɗauka shekara talatin da uku da suka wuce, na kiɗan zagayen gidaje ranar cikar watan farko, wato sha biyar ga wata, an juye mata shi a ciki. A nuna wa mutane a sabon talabijin na zaure, wanda 'ya'yan gari mazauna birni suka haɗu suka saya mana da kaka.

"Amma Baba kada ka taɓa," in ji ta. "Ka bari sai mun dawo ranar cikar wata, Bang zai haɗa."

"Bang? Wannan da ya bugo mini waya saboda ƙwan fitila?"

Bang ya cusa fuska a kwano.

"Baba, wannan ba irin naka ba ne. Zamanin ya wuce."

"Talabijin ne ko ba talabijin ba ne?"

"Talabijin ne, amma..."

"To shi ke nan."

Ta ajiye cokali. Halin uban ta kwaso kaf, har da yadda yake ɗaga haɓa. "To mu yi haka. In na dawo na tarar da kiɗan nan a babban allo, da hoto da murya, kuma kai ka haɗa, na bar maganar Incheon. In ban tarar ba, ka shiga mota mu tafi a ranar. Inna Babba, ke ce shaida."

"Matar Yaya, kin ji ko?" in ji Gapsu, yana kallona.

Na ce na ji, kuma ku duka biyun ba ku da hankali. Kwana goma sha biyar ke nan tsakanin sabuwar shekara da cikar wata.

Washegari ya shigo zaure da buhun shinkafa cike da wayoyi, tarin shekara talatin da shida, sun cukurkuɗe kamar macizai. Muna zaune a ƙasa muna buga kati. Ya zazzage buhun a tsakiyarmu ba ko sallama, ya juya kwamfuta ya leƙa gefenta. Rami ɗaya gare ta na hoto, shuɗi, mai ƙananan huji goma sha biyar. Ya cusa kai bayan talabijin, ya tarar da ramuka uku sirara kamar bakin asusu. Ya gwada waya ta farko. Ya gwada ta biyu. Kafin a sauke miya ya gwada sama da ashirin. Wadda ta shiga nan ba ta shiga can, wadda ta shiga can ba ta san nan ba.

'Yar Gurye, wadda muke kira da sunan garinsu, ita ce babbarmu, shekara tamanin da shida, ita ce mai kalangun gari tun tana amarya, kuma bakinta ya fi kalangun ƙara. Ta ce, "Baban Okju, kana ɓata lokaci. Mare shi mana."

Da gaske ya fito ya tsaya a gefen hagu ya ɗaga hannu. Sai hannun ya tsaya a sama. Kaurin talabijin ɗin bai kai yatsa biyu ba. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya leƙa baya.

"Ina za ka mara?" in ji 'Yar Gurye. "Ba shi da kunci!"

Uwar Bonggu ta yi dariya har haƙoranta na roba suka faɗo a kan kati. Ya sauke hannun a hankali ya sosa ƙeya da shi, wai dama abin da ya ɗaga shi ya yi ke nan.

Ran kasuwa ya hau motar safe, ya dawo da wata 'yar adafta a leda, yana tafe yana fito. Ƙarshenta ɗaya siriri ne, ɗayan shuɗi mai huji goma sha biyar. Ta shiga talabijin tsaf, ta karɓi wayar kwamfuta tsaf. Ya sa muka ajiye kati, ya sa Shugaba Tak, mai riƙe da gari, ya zauna a gaba. Ya danna. Baƙin allo. Ya cire ya hura ramin ya mayar. Baƙin allo. Ya ce sanyi ne ya kama ta a mota, ya sa ta a ƙarƙashin cinyarsa a kan ƙasa mai ɗumi muka jira rabin awa. Baƙin allo.

Ni na tsinci kwalin a kwandon shara. An zana kibiya a jiki ƙato, makaho ma zai shafa ya ji. Na ce, "Baban Okju, wannan daga sabuwar na'ura zuwa tsohon allo take kai hoto. Kai kuma daga tsohuwa zuwa sabo kake so. Hanya ɗaya take bi."

"Waya waya ce, Matar Yaya. Shekara nawa kika yi a shago?"

"Ban yi ko ɗaya ba. Karatu na yi."

"To ki ci gaba da karatunki."

Kuskurena ke nan, kuma ya ci mana kwana uku. Da ban faɗa ba da ya gano da kansa a rana ɗaya. Tunda na faɗa, sai da ya gwada ta a ramuka ukun duka, ya goge ta da giya, ya buɗe cikinta da wuƙar fere kanya. A rana ta huɗu ya ɓace tun da safe, ya dawo da wata dabam, mai ɗan akwati a tsakiya da ƙaramar igiyar wuta. Ya ce ta farkon ta zo da cuta daga kamfani. 

Ranar kwana goma sha uku ke nan. Ya haɗa, ya ba ta wuta, ɗan koren haske ya kama a jikin akwatin. Talabijin kuwa ya fito da wani ɗan rubutu mai cewa babu sigina, yana yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar ƙuda a cikin kwalba. Gapsu ya zauna ya zuba masa ido. Na ga wuyansa ya fara ja. Bai ci abincin rana ba, ga shi kuwa kifi aka soya.

Littafin talabijin ɗin yana kicin ɗin zaure, a ƙarƙashin butar shayin sha'ir, inda shi da kansa ya ajiye shi tun kaka. Na zaro, na ɗauko na adaftar daga shara, na zauna kusa da 'Yar Gurye na juya masa baya. Na riga na koyi darasi. Na ɗaga murya na ce, "Yaya, ji wani shirme. Wai talabijin bai san ramin da aka soka masa waya ba sai an gaya masa da rimot. Wai akwai na ɗaya, na biyu, na uku."

"Shirme kuwa," in ji Gapsu daga can, bai juyo ba.

"Mutanen Seoul ba su da aikin yi," in ji 'Yar Gurye, tana tsunkulina a cinya.

Ya bari aka ɗan jima. Ya tashi ya yi miƙa, ya leƙa bayan talabijin wai yana duba ƙura, ya ɗauki rimot yana juya shi kamar bai san a hannunsa yake ba. Sai allon ya washe gaba ɗaya, wani farin kare sanye da jar rigar sanyi ya cika bango, kansa ya fi buhun gero. Karen Okju ne, shi ta sa a fuskar kwamfutarta.

Wayyo, ihun da muka yi! Uwar Bonggu ta tashi ta taka rawa da ludayi a hannu. Shugaba Tak ya ce a kawo giyar shinkafa. Gapsu ya tsaya a gaban karen, hannu a ƙugu, ya ce, "Na ce muku ɗumi take so."

Sai dai da ya kunna bidiyon, a ƙaramin allo ya fito. Babban allo kare kawai yake nunawa, yana kallonmu. Ya ja yatsa a kan kwamfuta, 'yar kibiyar nan ta tafi gefen dama ta ɓace. Ya nema sama da ƙasa, har ya ɗaga kwamfutar ya duba ƙarƙashi.

"Ga ta can!" in ji Uwar Bonggu. "Tana kan hancin kare!"

'Yar Gurye ta rarrafa da abin kashe ƙuda ta kai mata duka. Kibiya ta gudu kunne. Ta bi ta kunne. Shugaba Tak yana ihu a bar talabijin, ba na uban kowa ba ne. Ni kuwa na ci gaba da yi wa littafi tsiya da ƙarfi, wai sai an danna maɓalli biyu a tare da yatsa biyu kafin allon nan ya kwaikwayi wancan, ka ji hauka. Wannan karon ko minti biyar bai jira ba.

Haka Bamgol ta shekara talatin da uku baya ta hau bango. Amma ba yadda muka san ta ba. Kowa ya baje. Tutar gari ta zama gajeriya mai faɗi, maza sun zama kamar randar tsima kabejin kimchi da aka ɗaura wa ɗamara, kuma an yanke kawunan na gaba da ƙafafun kowa. Muka matso har hancinmu na taɓa gilashi.

"Wace ce wannan tulun?"

"Ke ce, Uwar Bonggu. Ga ɗankwalinki."

"Ƙarya ne! Ni ban taɓa kai haka ba ko da cikin Bonggu!"

"Wancan mara kan fa?"

"Mijinki ne. Dama haka yake."

Na ƙirga mutum arba'in da biyu a hoton. Tara ne ke numfashi yau. Ba wanda ya yi kuka, muna can muna faɗa kan wa ya fi wa ƙiba. Da aka gano inda ake mayar da hoto asalin girmansa, kawuna suka dawo, ƙafafu suka dawo, kowa ya rame. 'Yar Gurye ce kawai ta ƙi yarda. Duk rayuwarta siririya ce kamar tsinken cin abinci, ta ce a mayar mata da ƙibarta, yau ne ta fara kama da matar mai kuɗi.

Saura murya. Kiɗan yana fitowa ne daga kwamfuta, siriri kamar sauro, ba daga talabijin ba. Mu da muke gani mun ce ai ya isa, a ƙara kusa da kunne kawai. Amma 'Yar Gurye ta zuba wa hannunta na cikin hoto ido, fuskarta ta canja.

"Tsaya. Mayar baya. Kun gani? Ƙara na fita kafin sandata ta sauka."

"Kin makara ne, Yaya," in ji Uwar Bonggu.

"Ni? Ni na makara? Shekara sittin ina jan garin nan da kalangu! Baban Okju, ka ɓata mini suna a gaban kare!"

Na bincike littattafan biyu daga bango zuwa bango, ban ga komai a kan wannan ba. A nan dole in ba shi haƙƙinsa. Gapsu ya rufe ido ya saurara, ya buɗe ya kalli sandar, ya sake rufewa. Ya ce babban allo yana tsayawa ya yi wa hoto kwalliya kafin ya nuna, murya kuwa ba ta jiransa tunda ta wata ƙofa take fita. Sai an tura su ta ƙofa ɗaya. Ya tsunduma hannu cikin buhunsa har kafaɗa, ya zaro wata siririyar baƙar waya ta tsohuwar rikoda, wadda ta girmi Bang. Ya soka ƙarshe ɗaya a ramin abin saurare na kwamfuta, ɗayan a wani ɗan huji a jikin adafta da ba wanda ya lura da shi. Kiɗan kalangu ya tashi daga talabijin da ƙarfin da ya sa Shugaba Tak ya zubar da giya a wando. Sanda ta sauka, ƙara ta fita, lokaci guda. 'Yar Gurye ta ce yanzu ta gane kanta.

Saura kwana biyu. Gapsu ya zare batir daga rimot ya sa a aljihun ƙirji, ya manna takarda a kan soket, ya ce kada wanda ya kashe, kada wanda ya taɓa, kada wanda ya yi atishawa kusa. Dalili kuwa kowa ya sani: bai riƙe yadda aka yi aka kai nan ba. Wannan na nufin ba mu da wasan kwaikwayonmu na bayan abincin rana, ga shi an kai inda surukar za ta gane cewa direban ɗanta ne. Aka yi ta cacar baki. A ƙarshe muka yarda, bisa sharaɗin shi zai ɓare tafarnuwar biki duka, kwano uku.

Yana ɓara, muna fasa gyaɗa, 'Yar Gurye tana tsokanarsa. A wurinmu ba a koyon kiɗa da takarda, da baki ake koya: babba ya rera bugun, yara su maimaita har ya zauna a hannu. To sai ta ɗauki duk abin da na karanto ta zuba shi a kan bugun shiga gida. "Dung, dung, babba tukun. Kung-ta, ba wa akwati wuta. Rami na biyu, rami na biyu. Dung-ta-kung, tashi ƙarama. Yatsa biyu a tare!" Muka kama muna amshi, muna buga gwiwa. Ya ce mu tsofaffin banza ne. Mun rera ta ya fi sau talatin, don kawai tana ba shi haushi.

Ranar cikar wata aka jona tukwanen lantarki uku don shinkafa mai hatsi biyar, ga hita, ga buta. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Uwar Bonggu ta ƙara jona kaskon suya. Sai ji muka yi ɗas. Fitila ta mutu, tukwane suka mutu, talabijin ya mutu. Kwamfutar ma ta bi su, don batirinta ya daɗe da rasuwa. Kuma a daidai wannan lokacin farar motar Okju ta shigo farfajiya.

Gapsu ya ruga ya ɗaga makunnin wuta. Talabijin ya dawo da tallan maganin ciwon gwiwa. Okju ta tuɓe takalmi ta shigo, ta gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya, ta kalli gwiwar da ke bango, ta kalli ubanta.

"Yanzun nan yake yi," in ji Uwar Bonggu. "Na rantse da Bonggu."

"Na yarda, Inna. To ya sake yi mu gani."

Bang ya matso zai taimaka, ta riƙe masa hannun riga. Gapsu ya mayar da batir a rimot, ɗaya a juye, ya sake. Ya durƙusa gaban kwamfuta ya kunna ta, ya danna nan, ya danna can. Gwiwa tana nan. Gumi ya fara sauko masa ta bayan kunne. Littafin yana ƙarƙashin buta, ni kuma ni ce shaida, ba ni da bakin magana.

Sai 'Yar Gurye ta jawo kalangunta ta rataya. Ta ce, "Ku tashi mu gwada hannu kafin a fita, rana na yi." Ta buga. "Dung, dung, babba tukun!"

Mu tara muka amsa kamar an saki ƙofar dam. Shugaba Tak ya ɗauki kuge. Gapsu ya daskare, sannan na ga kunnensa ya motsa. Ya kashe kwamfutar. "Kung-ta, ba wa akwati wuta!" Ya lalubo ƙaramar igiyar da ya fizge da ƙafa lokacin da ya ruga, ya mayar, koren haske ya kama. "Rami na biyu, rami na biyu!" Sai da muka maimaita wannan sau shida, don ya wuce shi ya faɗa na uku ya dawo. "Tashi ƙarama!" Tsohuwar kwamfuta ta ɗauki lokacinta, mu kuma muka yi ta zagaya ɗaki muna kiɗa muna jiranta, Uwar Bonggu da murfin tukunya biyu. Kare ya fito. "Yatsa biyu a tare!"

Tutar Bamgol ta hau bango, doguwa siririya, kiɗan wancan zamani ya haɗu da kiɗan yau, ɗakin ya ɗauka har gilashin taga na rawa.

Okju ta zame ta zauna a ƙasa tana dariya, tana dukan kafaɗar mijinta. Da ta samu numfashi ta ce, "Wannan maguɗi ne! Gari guda ne ya haɗa, ba kai ba!"

"Hannun wa ya danna?" in ji Gapsu.

"Waƙar fa?"

"Wace waƙa? Ta gargajiya ce," in ji 'Yar Gurye. "Tun kakanni ake yin ta."

"Tun kakanni ake da rami na biyu?"

"Ke yarinya ce, me kika sani."

Ta juyo wurina. "Inna Babba, ke ce shaida."

Na ce abin da aka ce shi ne hoto da murya a babban allo, kuma shi ya haɗa. Ga hoto, ga murya, kuma ban ga yatsan kowa a kan na'ura ba sai nasa. Ba a yi maganar kiɗa a sharaɗi ba. Ta kalle mu, tsofaffi goma muna haki da murafan tukwane a hannu. Sannan ta ce ta janye, amma na shekara ɗaya. Za ta riƙa bugo waya duk Lahadi ƙarfe goma na safe, ta bidiyo. Ranar da ta same shi kwance ba aikin komai, za ta zo da kwalayen kwashe kayansa.

Muka fita zagayen gidaje. Gidaje tara kawai muka iya kafin gwiwoyi su ƙi, aka dawo aka ci shinkafar da rabinta bai nuna ba.

Washegari da ƙarfe bakwai lasifikar gari ta yi tari. Na ɗauka Shugaba Tak ne zai yi sanarwar taki. Sai na ji muryar ƙanin mijina tana dukan duwatsu tana dawowa.

"A, a. Ana ji? Jama'ar Bamgol, Pyo Gapsu ne. Ina da roƙo. Daga yau duk wanda abu ya lalace masa, fanka ce, tukunya ce, rediyo ne, ko tocila ce, kada ya jefar, kada ya ba 'ya'yansa su kai birni. Ya kawo mini. Kuma kada ku kawo ran Talata ko Alhamis, ku riƙe shi sai Lahadi, goma saura kwata, ku shigo kuna mita da ƙarfi. In an yi sati ba abin da ya lalace, to Uwar Bonggu, ki sake jona kaskon nan. Shi ke nan. Na gode."